Kafin a sayo injin yanka allon talla, a tambayi ina idonsa

Duk wanda ke bin manyan titunan Kano ko Kaduna zai lura allunan talla sun sauya kama. A da allo mai kusurwa huɗu ne, mai fenti ya ɗauki buroshi ya rubuta sunan shago, shi ke nan. Yanzu sai a ga kwalbar lemo an fitar da ita da siffarta, ko ɗan takara tsaye da babbar riga da hula, an bi gefen hotonsa an yanke tsaf. Galibin irin wannan aiki na injin yanka ne da kwamfuta ke sarrafawa, wanda masu sana'ar ke kira CNC.

Injin ya daɗe a duniya kafin ya shigo shagunan talla. A ƙarshen shekarun 1940 ne wani Ba'amurke, John Parsons, mai ƙera farfelar jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan, ya fara jagorantar aikin sassaƙa ƙarfe da lissafin lambobi. A 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke karɓar umarni daga zaren takarda mai huje-huje. Yau masana'antun birnin Jinan na ƙasar Sin sun sa shi ya yi arha har mai matsakaicin jari na iya mallaka. Samfurin da ya fi yawo shi ne 1325, wato teburi mai faɗin milimita 1,300 da tsawon 2,500, daidai yadda falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8 zai kwanta a kai. Haƙorinsa, wato ƙarfen da ke yankan, kan juya har sau 24,000 a minti guda, yana cin katako da roba da fallen alminiyam.

Sai dai duk wannan ƙarfi, injin makaho ne. Layin da aka ba shi a kwamfuta kaɗai ya sani. Hoton da ke kan allon bai san da shi ba. Ita kuwa sitikar da aka buga ba ta tsayawa yadda aka zana ta. Zafin injin bugawa na sa ta ɗan tsuke, mai liƙawa ya ja ta ta miƙe, sannan a ɗora allon a teburi ya ɗan karkace. Kuskuren milimita 2 bai kai a gani a takarda ba, amma a kan allo shi ne farin layi a gefe guda da yankakken kunnen ɗan takara a ɗaya gefen. Falle ya tafi, tawada ta tafi, mai kaya kuma ya riƙe cikon kuɗinsa.

Shagon da ba shi da mafita sai ya koma saiti da hannu: yaro ya duƙa, yana matso da haƙori a hankali zuwa kusurwa ɗaya, ya koma ɗayar, ya ƙiyasta karkatar. Ga allo ɗaya babu laifi. Ga allo 200 na kakar zaɓe, wahala ce da asarar yini.

Maganin ba sabo ba ne. Tun wajen zane ake sa baƙaƙen ɗigo a kewayen hoton, a buga su tare da shi. Kyamarar da ke maƙale kusa da haƙori ta bi ta karanta ɗigon ɗaya bayan ɗaya, manhaja ta kwatanta inda suke da inda ya kamata su kasance, ta juya layin yankan ko ta miƙa shi ya dace da abin da ke kan teburi. Kamfanoni irin su Zünd na Suwizalan da Summa na Beljiyam sun daɗe da yin suna a kan wannan, kuma injunan Sin da yawa ana iya sayo su da kyamara idan mai saye ya nema.

A nan ne masu jari ke tafka kuskure. Girman teburi da ƙarfin inji ake tambaya, a mayar da kyamara kayan ƙawa da za a iya tsallakewa don rage farashi. Ga kafinta mai sassaƙa ƙofa wannan lissafi daidai ne, tunda babu hoton da zai bi. Ga mai allon talla kuwa, kyamarar ce ke raba riba da faɗuwa.

Ita ma ba ta isa ita kaɗai ba. Dole wanda ke zane a CorelDRAW ya ware layin yanka daban, ya bar launi ya zarce layin da milimita 2 ko 3 domin kada fari ya leƙo. Dole mai inji ya san roba na narkewa ta manne wa haƙori idan tafiya ta yi jinkiri, ya san ƙura ko ƙyallin leda na iya ruɗa kyamara. Ga kuma wuta: tun da aka ƙara kuɗin rukunin Band A a Afrilun 2024, lokacin da ya kai naira 225 kan kowane yunit, sake yanka allon da ya lalace ya ƙara tsada, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kuma na iya ɓata saiti gaba ɗaya idan injin ba ya tuna inda ya tsaya.

Masu fargabar inji zai kori yaran shago suna da hujja, domin aikin zarto da yara uku ke yi yanzu mutum ɗaya ke gamawa. Amma wannan mutum ɗayan ma wuyar samu yake yi. Ya kamata kwalejojin kimiyya da fasaha da asusun horar da ma'aikata na ITF su sa zanen kwamfuta da sarrafa CNC cikin gajerun kwasa-kwasansu, iyayen gida kuma su daina ɓoye wa yaransu wannan ɓangare na sana'ar.

Wanda ke shirin sayen inji ya tafi wajen dillali da allonsa bugagge, ya ajiye shi a karkace da gangan, ya ce a yanka a gabansa. Idan haƙori bai bi gefen hoton ba, kada ya biya.