Amai ba ƙaramin abu ba ne: abin da jinyar Gwaggo ta koya mini

Ranar da Gwaggo ta ce ta daina, ba ciwon ne ya kai ta bango ba. Ƙullutun da ke mamanta ma ya soma raguwa, dokta ya auna ya gaya mata. Amai ne. Kwana uku ke nan da yi mata shimiyo ta biyu, tana kwance bisa tabarma a ɗakina a Yamai, roba a gefen kanta, sai ta ɗago ta ce: "Ɗiyata, nemo mini tikitin kar. In mutuwa ce, gara ta iske ni Damagaram, cikin ɗakina, cikina a kwance."

Na ce, "Gwaggo, saura huɗu fa." Ta ce, "Ke ce za ki yi aman?" Ban da amsa.

Ina rubuta wannan ne don na san da yawa daga cikinku, in ba ku riga kun yi jinya irin wagga ba, to tana tafe. Kansar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba cikin kansar da ke kama mata a Nijar, kuma idan uwa ko gwaggo ta taso daga Maradi ko Tawa ko Damagaram neman magani, wurin wa take sauka? Wurinmu, mu da muka yi lakol, mu da za mu iya karanta ordonas. Ra'ayina a taƙaice shi ne: tashin zuciya da aman da shimiyo ke kawowa ba abin da za a ce "a yi haƙuri" a wuce ba ne. Suna da magani, an san maganin shekaru da yawa, kuma duk wanda aka ɗaura wa shimiyo aka sallame shi ba tare da shirin tare aman ba, rabin magani aka ba shi.

Bari in fara da abin da ban sani ba a lokacin. Ni da na ɗauka aman alama ce ta magani na aiki, wai yana fitar da dattin ciwo. A gida kuma wasu cewa suke alama ce maganin ya fi ƙarfinta, kashe ta zai yi. Duka biyun ba haka ba ne. Maganin shimiyo na taɓa ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin hanji, sai su saki wani sinadari da ake kira serotonin, shi kuma ya aika saƙo ta jijiya zuwa wurin da ke kula da amai a ƙwaƙwalwa. Jiki ya ɗauka guba aka ci, yana ƙoƙarin fitar da ita, alhali maganin ta jijiya ya shiga, ba abin da amai zai fitar sai ruwan jiki da ƙarfi. Wanda bai yi amai ba ko sau ɗaya, maganinsa na aiki daidai da na wanda ya kwana yana yi.

Kuma ba duk shimiyo ba ce ɗaya. Akwai masu sauƙi, akwai masu tsanani kamar sisplatin, da haɗin da ake yawan ba masu kansar mama, wanda ke da jan maganin nan doksorubisin tare da siklofosfamid. Waɗannan, in ba a ba da maganin tare amai ba, fiye da mutum 90 cikin 100 za su yi. Shi aka ba Gwaggo, kowane kwana 21. Shi ne ma ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, abin da ya kusa sa ta suma don tsoro a karon farko, ta ɗauka jini ne. Mata sun fi maza fama da tashin zuciyar, masu ƙarancin shekaru sun fi tsofaffi, haka wadda ta sha laulayi mai tsanani lokacin ciki ko wadda mota ke juya wa ciki. Gwaggo duk biyun na ƙarshe tana da su. Ba wanda ya tambaye ta, mu kuma ba mu san abin faɗi ba ne.

Abin da ya fi cutar da mu shi ne rashin sanin cewa aman kala-kala ne. Akwai na ranar farko, cikin awa 24 da ɗaura magani. Wannan galibi ana tare shi a likita, don kafin a sa shimiyo ana fara sa maganin amai cikin ƙarin ruwan. Shi ya sa Gwaggo ta dawo gida ranar farko tana raha, har ta ci shinkafa. Sai muka ce alhamdulillahi, ashe abin ba wuya. Ordonas ɗin da aka ba mu ta magungunan sha a gida, na dubi tsawonta, na dubi abin da ya rage a jakata bayan kuɗin awon jini, na ce tunda ba ta amai, a bari sai in ta fara. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba. Akwai amai na biyu, mai jinkiri, wanda ke tasowa bayan kwana ɗaya, ya yi tsanani rana ta biyu da ta uku, ya iya kaiwa kwana biyar. Yana zuwa lokacin da mutum ya bar likita, ba nas a kusa. Kuma maganin amai, tarewa ya fi iyawa, ba tsaidawa ba. In ka jira sai an fara, ƙwayar da ka ba da ita za ta dawo cikin roba bayan minti biyar, da kuɗinka da komi.

Sai na uku, wanda ya fi ba ni tausayi. Ana gobe za mu koma shimiyo ta uku, maƙwabciyata ta kawo wa Gwaggo bisab mai sanyi. Ganin jan ruwan kawai cikin kofi, ta juya kai ta fara kelaya amai. Ba magani a jikinta kusan mako uku. Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa jan launi da wahalar da ta sha. Wasu warin alkol ɗin likita ke tayar musu, wasu ganin ƙofar shiga kawai. A unguwa sai a ce raki ne, ko kuma a fara maganar iska da sammu. Ba ko ɗaya. Kuma babbar hanyar hana shi ita ce a tare aman da kyau tun shimiyo ta farko, kada jiki ya koyi tsoron. Mu mun makara.

Da na koma na gaya wa dokta gaskiya, cewa ban sayi magungunan ba kuma tana son ta gudu, bai yi mini faɗa ba. Ya zauna ya rubuta mini awa-awa: wanne kafin a fito daga gida, wanne da safe rana ta biyu da ta uku, wanne in duk da haka zuciyar ta tashi. Sunayen da za ku gani a irin wagga takarda ba su da yawa. Akwai ondansetron, wanda ke toshe hanyar serotonin ɗin nan; yana da ƙarfi a ranar farko, amma yana ɗaure ciki, wani lokaci ya sa ciwon kai. Akwai deksametazon. Akwai metoklopramid, wanda da yawa suka fi sani da Primperan. Akwai aprepitan, da ke taimakawa sosai wajen mai jinkirin. Wani lokaci kuma dokta kan rubuta olanzapin kaɗan da dare. In mai farmasi ya ce muku wannan ai maganin masu taɓin hankali ne, kada ku firgita ku ɓoye shi: ana amfani da shi wajen amai kuma yana aiki, sai dai yana sa barci.

A kan deksa, dan Allah ku saurare ni. Shi ne dai wanda ƴan mata ke saye wurin masu tallan magani don su yi ƙiba. Don kun san sunansa, ba shi ne zai sa ku sayo shi bakin kasuwa ku riƙa ba mai kansa yadda kuka ga dama ba. Yana ɗaga sukari, yana hana barci, kwanaki kaɗan ake ba da shi kuma da lissafi. Maganin da ya wuni cikin kwali bisa kan yaro a ranar Yamai, ba ku san mi ya rage a cikinsa ba.

Sauran aikin a gida yake, kuma nan ne muka fi yin ɓarna da sunan ƙauna. Mu in muna son mutum, cika masa kwano muke yi. Ƴan uwa suka riƙa zuwa da tuwo da miya mai mai, da soyayyen nama, a tsaya kanta: "Ci, ci ki samu ƙarfi." Ita kuwa warin kawai ya isa. Abin da ya zauna mata a ciki shi ne kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a wuni: koko mara yaji, farar shinkafa, busasshen burodi da safe kafin ta tashi daga shimfiɗa, kankana, abin da ya huce don mai zafi ya fi tashin wari. Ruwa kurɓi-kurɓi, ba kofi guda a lokaci ɗaya ba. In ta ci, ta zauna jingine, kada ta kwanta nan take. Na mai da girki can bayan gida. Ruwan citta mara ƙarfi da lemun tsami ya ɗan taimaka mata, bayan na tambayi dokta. Amma taimako ne, bai maye gurbin ƙwaya ba. Kuma na koyi in ɓoye mata abincin da ta fi so a kwanakin wahala, don abin da ka amayar sau biyu kana iya tsanarsa har abada. Dambun zogale da take mutuwar so, har yau ba ta iya kallonsa. Hura ma sai da muka yi rigima. Kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan shimiyo, ƙwayoyin jini masu kare jiki kan yi ƙasa ƙwarai, nonon da ba a dafa ba kuma yana iya shigo da cuta. Ka ce wa ƴar Damagaram ta bar hurar kasuwa, ka ga ido.

Sai turare. Wallahi wannan sai da na zama marar kunya. Mata su zo dubiya sun sha humra da turaren wuta, su cika ɗaki ɗaya, su yi awa biyu ana labarin wance da ta yi irin wannan ciwon ba ta kai salla ba. Suna fita Gwaggo ta jawo roba. Daga baya na riƙa tare mutane a ƙofa, in ce, "Inna, ku yi haƙuri, ku gaisa daga nan, ƙamshi na tayar mata da zuciya." Wasu sun yi fushi, an kai ƙarata har Damagaram. Kowa kuma da ƙullin saiwarsa da jiƙonsa. Ban raina addu'a ba, mun yi ta kuma mun ji daɗinta. Amma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, a zuba shi kan hanta da ƙoda da ke fama da shimiyo, wannan ban yarda ba, kuma duk abin da mai jinya ya sha ya kamata dokta ya sani.

Akwai lokacin da gida ba ya iyawa. In mutum ya wuni ya kwana ko ruwa bai zama a cikinsa, in fitsari ya ragu ya yi duhu, in jiri na ɗibarsa da ya miƙe, in akwai jini a aman, ko zazzaɓi ya kai 38, ba a jiran gari ya waye, likita ake tahiya. Ku sayi termometar ku ajiye. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce 40, ruwan jiki na ƙarewa da sauri. Sashen SRO ɗin da muke ba yara masu zawo yana yi wa babba ma amfani.

Yanzu ga inda nake son mu ɗaga murya. Tun 2007 Nijar ta sa kansar mata cikin abin da ake kula da shi kyauta, kuma tun 2021 akwai na'urar gashin kansa a Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, abin da da sai an fita waje. Ci gaba ne, ban musa ba. Amma in ana lissafin maganin kansa, a lissafa har da kwana biyar ɗin da ke bin bayan kowace shimiyo. Maganin amai na gida ya kamata a miƙa shi a hannu tare da sallama, cikin kunshi ɗaya, ba a bar shi a ƙasan ordonas inda talaka zai fara yankewa ba. A rubuta yadda ake shansa da Hausa da Zabarmanci, ko a yi saƙon murya a WhatsApp don waɗanda ba su karatu. A ba da lamba ɗaya da za a kira da dare. Nas-nas ɗin da na gani suna aiki fiye da ƙarfinsu, mutum ɗaya kan gadaje da yawa, ba su da minti goma na bayani ga kowa. To a ƙara musu hannu, ko a horar da masu sa kai su yi wannan bayanin. Kuɗin wannan duka bai kama ƙafar kuɗin shimiyon da ke tafiya a banza in mutum ya yi biyu ya gudu ba. A benci inda muke jira, akwai wata mata daga wajen Tasawa da muka saba, muna raba ruwa. Bayan ta biyu ban sake ganinta ba. Ɗanta ya ce mini a tarho ta rantse ba ta komawa, sun koma na gargajiya.

Ku kuma tuna da hanya. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Wanda aka yi wa shimiyo yau, ya hau kar gobe da asuba don ba shi da wurin kwana, aman mai jinkiri zai same shi ne tsakanin Dogondutsi da Ƙonni, cikin zafi da warin gazuwal, da leda a hannu. In kuna da ɗaki a Yamai kuma ɗan garinku na wannan hali, ku riƙe shi kwana huɗu ko biyar kafin ya kama hanya. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗi don biki da kwallo za su iya kama ɗaki ɗaya saboda wannan.

Gwaggo ba ta hau kar ɗin ba. Mun yi yarjejeniya: ta ba ni shimiyo ɗaya, in ta sha wahala irin ta baya, ni da kaina zan kai ta tasha. Na sa agogon tarho yana kaɗawa lokacin kowace ƙwaya, ko tana barci sai na tashe ta. Ta uku ta yi amai sau biyu. Ta huɗu tashin zuciya ne kawai da kasala. Ta gama shida, aka yi mata aiki, yanzu tana zuwa kontrol. Jiya ta kira ni, wai wata maƙwabciyarta za ta fara mako mai zuwa, in turo mata hoton takardar nan ta awa-awa. Na ce mata kowa da irin maganinsa, sai dai maƙwabciyar ta nemi dokta ya rubuta mata tata, kuma kada ta fito daga likita sai da ita a hannu.