Kura da Fatar Akuya: Giyar da Ta Ari Sunan Shayi

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, babu abin sha da ya kai shayi samun yardar jama'a. Malami na shan shi, ɗalibi na shan shi, mai gadi na kwana da shi bakin ƙofa. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da fadodin samari suka yaɗu cikin birane, butar shayi bisa garwashi ta zama alamar hira da zumunci. Uba in ya ga ɗansa riƙe da ɗan kofin shayi ba ya tambayar abin da ke ciki. Wannan yarda dukiya ce, kuma ita ce wani sabon yayi ke son ya ara ya lulluɓe kansa da ita.

Yayin ya fito daga Amurka da Turai, inda haɗa giya da shayi cikin gida ya zama abin sha'awa. Hanyoyin biyu ne: ko a zuba barasa cikin dafaffen shayi, ko a bar shayi mai sukari ya ruɓa har ya yi barasa da kansa. Masu yin haka a ƙasashensu manya ne, da dokokinsu da al'adarsu, kuma wannan ruwansu ne. Abin jayayya shi ne sunan da ake tallar abin da shi, tun da yau duk yaron da ke riƙe da wayar salula yana iya cin karo da wannan talla ƙarƙashin kalma ɗaya mai kwantar da hankali: shayi.

Sauya ma tuwo suna ba yau aka fara ba. Tsakanin 1920 da 1933, lokacin da dokar Amurka ta hana sayar da giya, gidajen shan ta na ɓoye sukan zuba ta cikin kofunan shayi don a ɓatar da sawu. Daga shekarun 1970 wani haɗi mai suna Long Island Iced Tea ya yi fice, ana kiran shi shayi mai ƙanƙara alhali babu ganyen shayi ko ɗaya cikinsa. Barasa iri biyar ce aka gauraya da ruwan lemun tsami da ɗan koka, launi kawai ya yi kama.

Wanda ya fi shiga duhu shi ne kombuca. Shayi ne da ake zuba ma sukari, a ɗora masa wani faifai mai yauƙi da ke ɗauke da ƙwayoyin yisti da na bakteriya, a rufe da ƙyalle mako ɗaya ko biyu. An daɗe da sanin shi a Rasha da gabashin Turai kafin ya zama kayan kasuwa a Amurka. Yadda yake aiki ba sihiri ba ne. Yisti, irin wanda ke kumbura burodi, yana cin sukari ya fitar da barasa da iska mai kumfa. Bakteriya kuma suna juya wani kashi na barasar ya koma tsami, amma ba su iya wannan aiki sai da iska. In aka ɗura ruwan cikin kwalba aka toshe, aka ƙara sukari ko ruwan ƴaƴan itace, bakteriya sun rasa numfashi, yisti kuwa ya ci gaba da aikinsa, barasa ta yi ta hawa. Masu son ta da ƙarfi suna yin haka da gangan, har wasu kamfanoni na sayar da irin da ya kai giyar kwalba ƙarfi ko ya fi ta.

Masu kare abin suna cewa barasar da ke cikin kombuca ba ta taka kara ta karya ba, kuma ko nunanniyar ayaba da burodi ba su rasa ɓurɓushinta. Akwai gaskiya cikin maganar, amma rabinta ce. Dokar Amurka ta aza haddi: abin sha da ya kai kashi 0,5 cikin 100 na barasa ya shiga sahun giya. A shekara ta 2010, manyan kantunan Whole Foods sun kwashe kombuca daga kantocinsu bayan awo ya nuna wasu kwalabe sun zarce wannan haddi, domin ruɓar ba ta tsaya ba bayan an toshe su. In kamfanoni masu ɗakunan awo da na'urorin sanyi sun kasa riƙe linzamin yisti, ina ga mai tulu ɗaya cikin ɗaki, a watan Afrilu, a garin da zafi ke wuce digiri 40? Zafi na hanzarta ruɓa, kuma harshe ba ma'auni ba ne.

Ana kuma tallar shi a matsayin maganin kowace cuta, abin da binciken likitoci bai tabbatar ba. Haɗarinsa kuwa an rubuta shi. A 1995, a jihar Ayowa ta Amurka, mata biyu masu shan kombucar gida kullum sun kwanta asibiti da tsamin jini mai tsanani, ɗaya ta rasu. Hukumar lafiya ba ta yanke cewa shi ne sanadi ba, amma ta yi gargaɗi. A 1998 likitoci a Ostareliya sun ba da labarin miji da mata da suka kamu da gubar dalma, saboda tsamin ruwan ya narkar da dalmar da ke jikin fentin tukunyar da suke haɗin a ciki.

Abin mamaki, ilimin da zai warware wannan ruɗu yana nan cikin gidajen Hausawa tun kaka da kakanni. Kowace uwa ta san kunun da ya kwana biyu ya sauya hali, ta san ruwan zoɓo mai sukari in ya daɗe cikin zafi yana soma kumfa. Littattafan fiƙihu sun yi dogon bayani bisa tsimin dabino da zabibi, da lokacin da ya kamata a daina shan shi, kuma malaman Malikiyya ba su dubi suna ko abin da aka yi tsimin da shi ba, sun dubi ko yawansa na bugarwa. Ita ma mai dafa burkutu, duk abin da za a faɗa a kanta, ba ta taɓa kiran kayanta kunun dawa ba. Mai zuwa wurinta ya san abin da ya je nema, mai ƙin zuwa ya san abin da ya ƙi. Ta wannan fuska ta fi mai tallar giyar shayi gaskiya, domin shi yana ƙwace ma mutum zaɓinsa ne. Mai azumin barin giya, mace mai ciki, direban babbar mota, mai ciwon hanta, yaro ɗan kolej: kowannensu na da haƙƙin sanin abin da ke cikin kofinsa. An riga an ga yadda wasu ke narka ƙwayar tramol cikin shayi ko kafe don kada a gane, kuma an ga abin da hakan ya haifar.

Maganin ba tsangwamar fada ba ne, ba kuma zargin duk abin da ya yi tsami ba, in ba haka ba sai a haramta fura da nono. Maganin na hannun malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Malamin kimiyya na iya ɗaukar kwalba, ruwan ɗumi, sukari da ɗan yisti, ya ɗaura balam-balam a bakinta, ɗalibai su ga yadda take kumbura kafin a tashi aji. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci cewa sukari da yisti da lokaci su ke yin barasa, ko mene ne aka rubuta a jikin kwalba. Ƙungiyoyin da ke hidimar harshe kuma aikinsu ne su raɗa ma abin suna na gaskiya tun bai zauna ba: wanda aka bari ya yi ƙarfi a ce masa giyar shayi, a rediyo da aji da kasuwa, kamar yadda ake cewa giyar dawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai son sha ya sha da saninsa, mai ƙi ya ƙi da saninsa, shayin fada kuma a bar masa sunansa da yardar da ya daɗe yana tarawa.