Muna Yaba Tsofaffin Tufafi, Amma Wa Ya Ɗinka Su?

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya san ɗakin tufafin gargajiya. Mukan tsaya gaban tsohuwar riga, mu girgiza kai mu ce mutanen da sun iya aiki, mu ɗauki hoto, sannan mu nufi wajen zakuna da dorina. Yabon gaskiya ne, sai dai bai wuce leɓe ba, domin kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin abin da idonsu ya gani.

A ɗauki babbar riga ta saƙi. Kafin ta zama riga, mata sun kaɗa zaren da mazari, marina sun tsoma shi a baba, masaƙi ya saƙa shi ƙyalle-ƙyalle sirara, aka haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Sai mai aikin hannu, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri, ya zauna wata da watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas da zaren tsamiya. Daga nan ta je mabuga. Hannaye nawa ke nan? Amma idan aka ambaci rigar, sunan sarkin da ya sa ta kaɗai ake faɗa.

Lifidi ya fi ba mu tausayi. Yadi ne ake ninkawa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kaurin da kibiya ba ta saurin huda shi, a lulluɓe doki da mahayinsa. Daga Doso zuwa Borno har Sudan an yi yaƙi da shi. Akwai wani da aka ɗauke daga Sudan lokacin yaƙin Omdurman na 1898, yana ajiye a Landan, an san da me aka cusa shi, an rubuta. Mu kuwa muna ganin 'yan lifida ranar hawan salla, muna guɗa, ba mu taɓa tambayar wa ke gyara shi in ya yage ba, ko kuma ya koya wa wani.

Wasu za su ce ajiya aikin hukuma ne. To, amma yawancin waɗannan kaya ba a gidan tarihi suke ba. Suna cikin adakar kakanninmu a Damagaram da Maraɗi da Garwa da zangon Kumasi, gara da danshi suna cin su, ko kuwa dillali ya zo ya saye a kuɗin da bai kai na shadda ɗaya ba. Gwado da luru da aka yi wa kakarmu gara da su sun koma shimfiɗar awaki.

Abin da muke iyawa ba ya buƙatar izinin kowa. A fito da rigar a shanya a inuwa, kada a bar ta a rana ko a ɗaure ta cikin leda. A zauna da tsohuwar da ta rage a gidan, a tambaye ta wa ya saƙa, a wane gari aka rina, a bikin wa aka fara sa ta. A rubuta amsar a takarda, a naɗe tare da rigar.