Zomon Yaro Ma Yana Da Hakki Wajen Likita

A unguwannin Hausawa na Kurmi, kamar Sabo a Badun da Agege a Ikko, gidan haya ba shi da filin ɗaure akuya, balle saniya. Shi ya sa magidanta da yawa suke saya wa 'ya'yansu zomo, su kafa masa akurki a bayan ɗaki. Yaro ya saba da shi, ya kan tashi da sassafe ya nemo masa ciyawa. Ran da kare ya cije shi, ko waya ta yanke masa ƙafa, sai gida ya rikice. Uba ya tambayi kuɗin asibitin dabbobi na 'yan kasuwa, ya ji ya fi kuɗin zomon, sai ya ce a yanka kawai.

Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Ma'aikatun gona na jihohi suna da asibitocin dabbobi, kuma Jami'ar Badun da ta Nsukka da Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta kowace tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi. Galibi kuɗinsu bai kai na 'yan kasuwa ba. Mutum ya je da kansa, ya tambayi farashi kafin a fara aiki, ya faɗi iyakar ƙarfinsa. Babu abin kunya a nan.

Abin da ya fi kashe zomaye shi ne maganin gida. Wasu kan shafa baƙin mai a ciwo, wasu kan je kemis su sayo kafso na mutane su ɗura masa. To, a sani, magunguna irin su amoxicillin da ampicillin, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, sai zawo ya kama shi ya mutu. Abin da ya halatta a gida shi ne a wanke ciwon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a ajiye shi a inuwa, a tsare shi daga ƙuda, domin ƙwan ƙuda kan zama tsutsa cikin kwana guda. Kada a ɗaga shi ta kunne, ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. In ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, kada a kwana, a kai shi.

Sauran aikin na shugabanni ne. Likitocin gwamnati suna zuwa mayankar Oko-Oba da kasuwannin shanu don duba dabbobi da nama, kuma 'yan Arewa ne ke riƙe da wannan ciniki. Me zai hana Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fataken shanu su roƙi hukuma ta keɓe rana ɗaya a mako don duba zomaye da kaji da tumakin talakawa a kan kuɗi kaɗan? Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Yaron da ya ga an wahala don ceton zomonsa, tausayi ya koya. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, amin.