Magi ne abin tsoro a kwanon jariri, ba daddawa ba

A Gidan Kwano, kan hanyar Bida, inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna take, masu goyo ba su da wuyar gani, daga matan ma'aikata har ɗalibai. Da yaro ya cika wata 6, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara haɗa masa nono da abinci, sai gardama ta tashi kan abin da za a sa masa a kunu ko faten doya. 'Yan boko su hana duk wani kayan ƙamshi su koma abincin gwangwani mai tsada, kakanni kuwa su ɗebo miyar manya su ɗura masa. Duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki.

Jariri ba baƙon ƙamshin tukunyar gidansu ba ne. Binciken Julie Mennella a cibiyar Monell ta Amurka ya nuna ƙamshin tafarnuwa da karas yana ratsa nono, kuma a 2001 ta gano jariran da uwayensu suka sha ruwan karas sun fi karɓar kunun da aka haɗa da shi. Don haka ɗan daddawa, ɗan citta, kuka ko garin zogale, kaɗan-kaɗan kuma ɗaya bayan ɗaya, ba su da laifi. Barkono ne zai jira. Inda haɗarin yake shi ne gishiri, domin ƙodar yaron da bai shekara ba ba ta ƙosa ba, abin da ya kamata ya shiga cikinsa a rana bai kai giram 1 ba, alhali dunƙulen magi guda, wanda kusan rabinsa gishiri ne, ya zarce haka. Kanwa ma 'yar gidan ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, balle a ba jinjiri.

Za a ce abinci lami yaro ba ya ci. Harshen uwa ne ya saba da magi, nasa bai san shi ba tukuna, kuma tofarwar farko ba ƙi ba ce, sau da yawa sai an yi ta maimaitawa kafin ya karɓa. Wahalar ma ba ta kai yadda ake zato ba: a ɗebe nasa kafin a zuba gishiri. Masu cewa da dauri aka raine mu ba a musa musu, sai dai ba wanda ya san ma'aunin saiwar da aka jiƙa, kuma zumar da ake haɗawa tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin yaron da bai cika wata 12 ba.