YABON GWANI YA ZAMA DOLE: PETER BAUER DA GUMIN MANOMI



A wannan fitowa muna so mu tuna da wani Bature masanin tattalin arziki, sunansa Peter Bauer. An haife shi a Budapest ta ƙasar Hungari a 1915, ya yi shekaru yana koyarwa a Landan, a can kuma ya mutu a 2002. Wani zai ce, me ya haɗa jaridar 'yan kishin ƙasa da yabon Bature? To, mutumin nan ya faɗi gaskiya game da gumin talakawanmu a lokacin da masu mulki ba su son jin ta.

Bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Ingila ta sa shi ya bincika yadda ciniki yake tafiya a Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau. A 1954 ya fitar da littafinsa a kan cinikin Afirka ta Yamma. Abu biyu muka ɗauka a ciki.

Na farko, ya wanke ƙananan 'yan kasuwarmu. Turawan mulki suna cewa sun yi yawa, wai cima-zaune ne. Bauer ya nuna cewa mai sayar da ashana 'yan ƙwarori yana yi wa talaka aiki, domin talaka ba shi da kuɗin sayen kwali. Haka mai bin ƙauyuka yana tara gyaɗa mudu-mudu har ta cika buhu. Ya kuma nuna yadda dokokin lokacin yaƙi suka ba manyan kamfanonin Turawa izinin shigo da kaya gwargwadon cinikin da suka saba yi, sabon ɗan kasuwa baƙar fata ya rasa ƙofar shiga. Mu dai mun san fatakenmu suna kai da kawowa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja tun kafin Bature ya zo. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, Turawa auduga suke so, amma manoma suka duba kuɗi suka zaɓi gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata suka saye ta.

Na biyu, ya tona asirin hukumomin sayen amfanin gona. A 1949 aka kafa hukumar gyaɗa a Nijeriya, ita kaɗai ke da ikon fitar da ita waje, ita ke yanka kuɗin da za a biya manomi. An ce wai don a tara masa ajiya saboda shekarar da kasuwa za ta faɗi. Bauer ya ce haraji ne aka ɓoye, domin ana biyan manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, ragowar kuwa tana taruwa a hannun hukuma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 1986 Nijeriya ta rushe hukumomin nan.

Mu ma a Nijar ba mu tsira ba. Mun sami 'yancin kai a 1960, a 1962 aka kafa SONARA aka danƙa mata fitar da gyaɗa. Niyya mai kyau ce, watau a ƙwace cinikin daga hannun kamfanonin Faransa. Amma manomi ya wayi gari har yanzu mai saye ɗaya ne gabansa, kuɗi kuma daga Yamai ake yanko shi. Shi ya sa dattawanmu suke ba da labarin jakuna da raƙuma masu ƙetare iyaka da dare, su nufi duk gefen da kuɗi ya fi. Fari na 1973 da ciwon gyaɗa na 1975 suka zo suka karya noman.

Kada a ce mun bi Bauer ido rufe. Ya yi musun cewa mulkin mallaka ne ya talauta Afirka. A nan mun rabu da shi. Mutanen Konni ba su manta da kisan da rundunar Voulet da Chanoine ta yi musu a 1899 ba, ba mu manta da aikin tilas da sai a 1946 aka soke shi ba. Amma gaskiya ko a bakin wa ta fito, ɗaukar ta ake yi.

Ku dubi albasar Galmi. Manomanmu da 'yan kasuwarmu ne suka kai sunanta Akara da Abijan, da guminsu da amanar da ke tsakaninsu. Ku tuna kuma halin da kasuwar Konni ta shiga sa'ad da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar 2023 wadda ta kai Maris 2024. In aka toshe hanya, talaka ne farkon shan wuya.

Saboda haka ga aikin kowane reshe. Ɗaya, ranar kasuwa sakatare ya rubuta kuɗin albasa da wake da hatsi, a aika wa sauran rassa, domin manomin da ya san kuɗin Konni ba a cutarsa a Tajaye. Biyu, a sa ido a kan mudu da sikeli da buhun da ake ɗora wa hula, awo ya zama ɗaya ga kowa. Uku, duk inda aka karɓi kuɗi a shingen hanya ba tare da takarda ba, a rubuta wuri da rana a kawo wa shugabannin jam'iyya. Huɗu, duk wanda ya zo da shawarar a mayar da sayen albasa hannun mutum ɗaya, ko kamfani ne ko ofis, ku tambaye shi a gaban jama'a: wa zai yanka kuɗi, ina ragowar za ta tafi?

A karanta wannan a taron reshe, a bayyana wa waɗanda ba su karatu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa manomi ya ci guminsa. Amin.