Rijiyoyin burtsatse: Abin da ke ƙarƙashin ƙasa da masu haƙa ba sa tambaya

A yawancin biranen Arewa, duk mai hali da ya gina gida ko ya buɗe shago yakan sa kuɗin haƙa rijiyar burtsatse cikin lissafinsa tun kafin a ɗora rufi, domin ruwan famfo ya daɗe da zama abin da ba a dogaro da shi. Sai dai sau da yawa kuɗin kan tafi a banza. Wani a Kano ko Kaduna zai haƙa mita ɗari ya tashi da ƙura, maƙwabcinsa kuwa ya samu ruwa a mita arba'in. Jama'a kan ɗora abin a kan sa'a ko rashin gaskiyar ɗan kwangila, alhali amsar tana cikin irin dutsen da garin yake zaune a kai.

Masana ilimin ƙasa sun raba Najeriya gida biyu, kusan rabi da rabi. Kashi na farko tsohon dutse ne mai tauri, wanda Abuja, Kaduna, Zariya, mafi yawan Jihar Kano da kudancin Katsina suke kansa. Shi wannan dutse ba ya riƙe ruwa a jikinsa. Ruwan da ake samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen samansa, wanda kaurinsa bai cika wuce 'yan gomomin mita ba, ko kuma a cikin tsagogin da ke ratsa shi. Idan injin haƙa ya wuce ruɓaɓɓen bai ci karo da tsaga ba, ƙarin zurfi ƙarin asara ne kawai. Abin lura a nan shi ne, yawancin masu haƙa da mita suke cajin kuɗi, don haka ba su da dalilin gaya wa mai gida ya tsaya. Gwajin ƙasa da na'urar lantarki, wanda ke nuna inda ruɓaɓɓen dutsen ya fi kauri, kuɗinsa bai kai ko kusa da na haƙar ba, amma shi ake fara tsallakewa in ana neman sauƙi.

Matsala ta biyu a irin wannan ƙasa ita ce tukunyar ƙarama ce, kuma damina ce kaɗai ke cika ta. Unguwar da kowane gida ya zura famfonsa, a tukunya ɗaya suke ɗiba. Shi ya sa rijiyoyi ke janyewa a watannin Maris da Afrilu, farashin jarka a wurin 'yan garuwa ya tashi. Siminti da kwalta da suka rufe filaye sun kuma rage ruwan saman da ke nutsewa. Ga kusancin rijiya da masai a unguwanni masu cunkoso, wanda ke buɗe ƙofa ga kwalara da taifot.

Kashi na biyu shi ne kwaruruka masu shimfiɗun yashi da yumɓu, irin na Tafkin Chadi da na Sakkwato. A nan labarin ya sha bamban. Binciken da Hukumar Safiyon Ƙasa ta Najeriya ta yi tun shekarun 1950, da wanda ta yi tare da takwararta ta Amurka a shekarun 1960, ya tabbatar da cewa a yankin Maiduguri akwai hawa uku na ruwa: na sama, na tsakiya da na can ƙasa. Na tsakiyan yana danne ƙarƙashin yumɓu mai kauri, har ta kai idan aka huda shi yakan yi tsartuwa da kansa ba tare da famfo ba. An haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa a Borno saboda mutane da dabbobi, aka bar wasunsu suna kwarara dare da rana. Ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa, da dama daga cikinsu sun daina fitowa da kansu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ruwan ya shafe dubban shekaru a ajiye, tun zamanin da yankin ya fi yanzu damshi. Wato gado ake ci, ba riba ba.

A Sakkwato da Kebbi ma akwai makamancinsa a shimfiɗar da masana ke kira ta Gwandu. Ita kuma wani yanki ce na babban rumbun ruwan Iullemmeden da Najeriya ke tarayya da Nijar da Mali a kansa, abin da ke nufin yawan ɗiba a gefe ɗaya na iyaka na iya shafar ɗaya gefen.

Samun ruwa kuma ba shi ne samun mai kyau ba. A Kaltungo da ke Gombe da Langtang da ke Filato, sinadarin fuloraid da ke fitowa daga duwatsun yankin ya daɗe yana rina haƙoran yara.

Duk wannan ilimi yana nan a rubuce. Akwai Hukumar NIHSA mai kula da bayanan ruwa, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma babban tsarin albarkatun ruwa na 2013 da aka shirya da taimakon hukumar JICA ta Japan. Gibin yana tsakanin waɗannan takardu da mutumin da ke shirin biyan ɗan kwangila. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa, wanda ya ƙunshi batun lasisin haƙa, ya sha cin karo da adawa a Majalisar Tarayya, musamman a 2018 da 2020, saboda zargin cewa Gwamnatin Tarayya na neman ƙwace ikon jihohi a kan ruwa da filaye. Amma takaddamar Abuja ba ta hana kowace jiha ta tilasta wa masu haƙa su miƙa bayanin zurfin da suka kai, da dutsen da suka ratsa, da yawan ruwan da suka samu ba. Da irin waɗannan bayanai ne ake zana taswirar ruwan gari unguwa-unguwa, kuma a halin yanzu galibinsu suna tafiya ne tare da motar haƙa ranar da ta bar ƙofar gida.